Tarihin Babur ɗin Virago da Shigar Japan Gonar Amurka

A cikin nau'o'in babura da masana'antu ke ƙerawa akwai wanda ake kira kuruza, wato babur mai dogon jiki da sirdi ƙasa-ƙasa, wanda mahayinsa ke zama a miƙe ko ya ɗan kishingiɗa baya, hannuwansa a ɗage bisa ƙahon tuƙi mai lanƙwasa, ƙafafunsa kuma a gaba maimakon a naɗe ƙarƙashin cinya. An yi shi ne domin tafiyar ƙasaita a kan miƙaƙƙiyar hanya, kuma matsayinsa a tsakanin babura kamar na dokin hawan sallah ne a tsakanin dawakin sukuwa, inda ado da taku da ƙaurin suna suka fi gudu daraja. Asalin wannan siffa Amurka ce, daga baburan kamfanonin Harley-Davidson da Indian na shekarun 1930 zuwa 1950, waɗanda bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka riƙa cire musu duk wani ƙarfe mai nauyi, daga baya kuma suka riƙa tsawaita ƙafar gaba suna ɗaga ƙahon tuƙi. Fim ɗin Easy Rider na 1969 ya baza wannan siffa a duniya, sannan a 1971 shi kansa kamfanin Harley-Davidson ya fitar da Super Glide, babur ɗin da ya fito daga masana'anta da kamannin da a da sai a garejin makanike ake samu.

Japan ba baƙuwa ba ce ga irin wannan inji. Tun a shekarun 1930 kamfanin Sankyo, wanda aka fi sani da harhaɗa magunguna, ya sami izinin Harley-Davidson tare da zanen aikinsa, aka shiga ƙera baburansa a Tokiyo da sunan Rikuo, kuma aikin ya ci gaba har wajen ƙarshen shekarun 1950. Sai dai manyan kamfanoni huɗu da suka yi tashe bayan yaƙi, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, wata hanya dabam suka bi. Sun fara da ƙananan babura masu araha, suka kai ga manyan injuna masu silinda huɗu a jere, irin su Honda CB750 na 1969 da Kawasaki Z1 na 1972, waɗanda suka fi yawancin baburan Amurka da Ingila gudu da ƙarko. Da dillalansu na Amurka suka lura cewa masu saye na sauya wa waɗannan babura ƙaho da sirdi don su yi kama da na gida, sai kamfanonin suka soma yin gyaran da kansu: Kawasaki ya fitar da KZ900 LTD a 1976, Yamaha kuma ya biyo da XS650 Special a 1978. Kwaskwarima ce kawai, domin injin da firam ɗin, wato ƙashin jikin babur, duk na asali ne, tufafin kaɗai aka sauya.

Babur ɗin da ya wuce kwaskwarima shi ne Yamaha XV750 Virago na 1981, domin shi ne na farko daga manyan kamfanonin huɗu da ya zo da inji mai silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V, ɗaya gaba ɗaya baya a tsawon jikin babur, yadda Amurkawa suka saba gani. Honda ya riga shi da CX500 a 1978, amma silindojin wancan gefe da gefe suka leƙo, kuma ruwa ke sanyaya su. Girman injin Virago cc 748 ne, wato jimillar faɗin wurin da fistin biyun ke sharewa a hawa da saukarsu, kowace silinda tana da faɗin milimita 83, fistin kuma yana tafiyar milimita 69.2. Iska ce ke sanyaya shi ta hanyar faifayen ƙarfe da ke jikin silinda, ba shi da lagireto. Kowace silinda tana da bawul biyu, ɗaya na shigar da mai da iska ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma sandar da ke buɗe su tana bisa kan silindar, sarƙa na juya ta, saɓanin tsarin Harley-Davidson inda dogayen sanduna ke tunkuɗo bawul daga ƙasan inji. Akwatin giya mai hawa biyar a cikin gida ɗaya yake da injin, alhali a manyan baburan Harley na lokacin kowanne da gidansa.

Adadin da ya fi bayyana tunanin injiniyoyin Yamaha shi ne faɗin kusurwar da ke tsakanin silindojin biyu. Harley-Davidson ya riƙe digiri 45 tun daga 1909, kusurwar da ke sa inji ya tsuke ya yi kyan gani, amma kuma take sa shi girgiza sosai, ta matse wurin kafireto, ta kuma hana silindar baya samun isasshiyar iska. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Ducati na Italiya yana amfani da digiri 90, inda motsin fistin ɗaya ke soke girgizar ɗaya, sai dai injin kan yi tsawo har ya rasa siffar da ake nema a kuruza. Yamaha ya tsaya a digiri 75, wanda ya rage girgiza, ya bar fili ga kafireto biyu a tsakanin silindojin, kuma duk da haka mai kallo daga nesa zai ga harafin V. Kusurwar tana da hannu har a sautin babur, domin idan hannayen fistin biyu suna riƙe da wuri ɗaya a jikin karanshaf, wutar silindojin ba ta tashi a tazara daidai: a injin digiri 45 tazarar ita ce digiri 315 sannan 405 na juyin karanshaf, a na digiri 75 kuwa 285 ne sannan 435. Wannan ɗingishi na bugun inji shi ne sautin da masoya kuruza ke so, kuma Virago yana da nasa, ko da yake bai zo daidai da na Harley-Davidson ba.

A wajen firam ne Virago na farko ya fi nisa da al'adar Amurka. Maimakon bututun ƙarfe da ke kewaye inji ta sama da ƙasa, an yi masa ƙashin baya guda na ƙarfen da aka matse ya zama akwati, injin yana rataye a ƙarƙashinsa yana kuma ɗaukar wani kaso na nauyin babur, har ma iskar da kafireto ke shaƙa ta cikin wannan akwati take bi. A baya kuma shokazoba ɗaya tak aka saka, a ɓoye ƙarƙashin sirdi da tanki, dabarar da Yamaha ya ɗauko daga baburansa na tseren daji. Ƙarfin inji yana isa tayar baya ta farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa a cikin rufaffen bututu irin ta mota, wadda ba ta bukatar ɗaurewa ko shafa mai kullum kamar sarƙa, ko da yake ta fi nauyi kuma takan ɗan ɗaga bayan babur idan aka murɗa wuta da ƙarfi. Inda aikin ya yi rauni shi ne sitata, domin haƙoranta a samfuran farko kan kasa kama injin yadda ya kamata, su riƙa ƙarar gugar ƙarfe, kuma wannan aibi ya bi sunan Virago shekaru da dama. A 1982 aka ƙaro XV920 Virago, mai allon lissafi na lantarki a madadin agogon allura, abin da ke nuna cewa har zuwa lokacin Yamaha yana ganin sabuwar fasaha ce za ta jawo masu saye.

Siyasar kasuwanci ce ta fara sauya alƙaluman babur ɗin. A farkon shekarun 1980 Honda da Yamaha sun shiga gasar neman rinjaye, kowanne yana fitar da sababbin samfura babu ƙaƙƙautawa, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya ja baya, sai babura suka taru a rumbunan dillalai ana karya farashinsu. Harley-Davidson kuwa yana cikin mawuyacin hali, domin a 1981 ne manyan ma'aikatansa 13 suka saye shi da bashi daga hannun kamfanin AMF, wanda ya mallake shi tun 1969 kuma a zamaninsa ingancin baburan ya zube. Kamfanin ya kai kuka ga hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka, kuma a watan Afrilun 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ɗaga kuɗin fito a kan manyan baburan da ake shigowa da su, masu injin da ya haura cc 700, daga kashi 4.4 cikin ɗari zuwa kashi 49.4 a shekarar farko, da sharaɗin ya riƙa raguwa cikin shekara biyar. Martanin kamfanonin Japan ya zo a cikin silinda: Yamaha ya rage injin 748 zuwa 699 ya kira babur ɗin XV700, Honda ya mayar da Shadow 750 zuwa 700, Kawasaki da Suzuki kuma suka shigo da Vulcan da Intruder kasuwar Amurka a wannan girman. Babu wata hujjar injiniyanci da ta haifar da adadin 699, dokar kwastam ce ta yanka shi. A 1987 Harley-Davidson, wanda ya farfaɗo da sabon injinsa na Evolution na 1984, ya nemi a janye harajin kafin wa'adinsa ya cika, kuma a 1988 XV750 ya dawo da girmansa.

Sauyi na biyu ya fi na farko zurfi, kuma idon masu saye ne ya jawo shi. A 1984 Yamaha ya sake fasalin Virago gaba ɗaya: aka cire shokazoba ɗaya ta ɓoye aka saka biyu a fili, ɗaya a kowane gefen tayar baya, aka mayar da tanki mai siffar ɗigon hawaye, aka fito da murafan matatar iska masu ƙyalli a gefen inji, aka ƙara tsawon ƙafar gaba, aka kuma yawaita ƙarfe mai walƙiya. Ta fuskar aikin injiniya wannan komawa baya ce, domin tsarin 1981 ya fi na 1984 zamani, amma a kasuwa sabon fasalin ne ya karɓu, kuma da shi Virago ya rayu har ƙarshen shekarun 1990. Babban samfurin ya tashi daga cc 981 zuwa 1063 a 1986, aka kira shi XV1100, mai silinda faɗin milimita 95 da tafiyar fistin milimita 75, wanda ke ba da ƙarfin doki kusan 60, amma mafi yawan ƙarfin jansa yana zuwa tun injin bai yi nisa da juyi ba. Wannan shi ne halin da ake nema a kuruza, wato babur ya ja daga ƙasa ba tare da yawan sauya giya ba. Sirdinsa bai wuce santimita 70 da 'yan kai daga ƙasa ba, abin da ya ba gajeren mahayi damar kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa idan ya tsaya.

Ana yawan kiran waɗannan babura kwaikwayo, kuma zargin yana da tushe idan siffa ake nufi, amma bai yi wa abin da ke cikin injin adalci ba. Honda Shadow na 1983 misali ne mai kyau: kusurwarsa digiri 45 ce irin ta Harley, amma ruwa ke sanyaya shi, kowace silinda tana da bawul uku da filogi biyu, kuma an raba wurin da hannayen fistin ke riƙe karanshaf gida biyu domin a kashe girgiza. Abin lura shi ne a 1995 Honda ya fitar da Shadow ACE, inda ya mayar da hannayen biyu wuri ɗaya da gangan, ya yarda da asarar ƙarfi da ƙarin girgiza domin ya samu sautin da masu saye ke nema. A 1994 Harley-Davidson ya nemi hukuma ta yi masa rajistar wannan sauti a matsayin alamar kasuwancinsa, kamfanonin da ke gasa da shi suka ƙalubalance shi da hujjar cewa duk injin da aka gina a wannan tsari haka zai yi kuka, kuma a shekarar 2000 ya janye bukatar.

Inda Virago ya bar tasiri mafi faɗi shi ne a ƙananan samfura, fagen da kamfanin Harley-Davidson bai shiga ba a lokacin. XV535 na 1987, mai kusurwar digiri 70 da farfela, ya fito da tankin mai a ƙarƙashin sirdi domin nauyi ya sauka ƙasa, daga baya aka ƙara masa wani tankin a sama saboda na farkon bai kai mahayi nesa ba, kuma ya yi farin jini ƙwarai a Turai a wurin sababbin mahaya da mata. XV250 na 1988, mai kusurwar digiri 60 da sarƙa, ya daɗe ana ƙera shi har bayan an sauya masa suna zuwa V Star 250. Manyan kuwa an maye gurbinsu da jerin DragStar, wanda a Amurka ake kira V Star, kuma samfurin 1100 da ya fito a 1999 ya gaji injin digiri 75 na Virago, haka ma BT1100 Bulldog da aka yi domin kasuwar Turai. Samfuran 1981 zuwa 1983, waɗanda masu saye suka yi wa kallon baƙi a zamaninsu, su ne a shekarun baya-bayan nan masu sake fasalin tsofaffin babura a Amurka da Turai suka fi nema, saboda ƙashin bayansu guda da shokazoba ɗaya suna barin injin a fili, kuma suna ba makanike damar yanke bayan babur ya ɗora masa sirdin da ya ga dama.