Yadda Aka Fara Leƙa Jijiyar Masu Wankin Ƙoda

Mutumin Yankara da ƙodarsa ta gaza, tafiya ta kama shi: ko Gusau, ko Shika ta hanyar Funtuwa, ko Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ko'ina ya sauka, abin da likita zai fara nema shi ne ta ina za a jawo jinin.

Wannan matsala sa'ar wankin ƙoda ce. Willem Kolff ya ƙera injin farko a Holan a 1943, amma kowane wanki sai an tsaga jijiya, bayan 'yan lokuta kuma a rasa wurin tsagawa. A 1960 Belding Scribner na Siyatil a Amurka ya dasa wa wani majinyaci 'yar roba a hannu, mutumin ya ƙara shekara 11 a duniya. Sai dai robar ga toshewa, ga kwasar ƙwayoyin cuta. A 1966 Cimino da Brescia da Appel suka bayyana dabarar da ake bi har yau: a ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da mai mayar da shi, a wuyan hannu, ta yi kauri ta jure allura. Likitoci kan ce mata fistula, amma ba ruwanta da yoyon fitsari.

Haɗin ma yakan tsuke a ɓoye. Da can da yatsa da kunne aka fi gane hakan. Shigeo Satomura na Osaka a Japan ne, a shekarun 1950, ya nuna ana iya gane gudun jini da sautin da kunne ba ya ji. Daga nan aka kai ga na'urar Dofla, 'yar'uwar wadda ake yi wa masu ciki sikanin da ita. Yanzu da ita ake zaɓen jijiya kafin tiyata, bayan kamar mako 6 a duba ko ta nuna: faɗin milimita 6, da jini mililita 600 a minti.

Najeriya ta fara wankin ƙoda a 1981, a asibitin koyarwa na Legas. Har yau yawancin majinyatanmu kan zo a makare, a sa musu bututun gaggawa a matsematsi ko a wuya, haɗin kuwa sai mai hali.

A ganina na'urar ba ta kori yatsa ba, musamman ga wanda tsakaninsa da ita akwai doguwar hanya da kuɗin mota. Mai haɗi ya taɓa wurin kowace safiya. Lafiyayye yana kakkarwa kamar gurnanin kyanwa. Ran da ya yi tsit, ranar za a kama hanyar asibiti. Masu kemis kuma, don Allah, kada a ɗaura ruwa ko a auna hawan jini a wannan hannun.