Tarihin Masara da Nono a Ƙasar Funtuwa

Masara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta nahiyar Amurka, sunanta kuwa ya sa ake jin ta hanyar Masar ta iso mana. Kakanninmu a bayan gida suke shuka ta, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Dawa da gero ke cika rumbu, auduga ta biya haraji.

A wancan zamani manomi ne ke roƙon Bafillatani ya sauka gonarsa da kaka. Shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su shigo gari da nono da man shanu, su koma da hatsi.

Cikin 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Takin zamani ya yi araha, sabon iri ya zo, masara ta mamaye gonaki. Rumbuna sun cika, babu shakka. Amma wanda ya sami buhun taki ya rage neman garke, noma ya ci burtali da wuraren kiwo, har shanun da a da ake gayyatowa suka zama abin kai ƙara gaban alƙali.