Madarunfa, Garin Iyaka Biyu

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi kudu, kafin ya kai Ɗan Isa inda ƴan duwan ke tsaron hanyar Jibiya da Katsina, in ya ɗan ratse zai tarar da Madarunfa kwance a bakin tafkinta. Yawancin ɗalibanmu mazaunin perefe kawai suka ɗauke ta. Kaɗan ne suka san cewa sau biyu ƙasar nan take zama bakin iyaka, kuma ta farkon ba Turawa suka shata ta ba.

A 1807 jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura zuwa arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran magadansa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tun daga nan dajin da ke tsakanin Katsina biyun ya zama hanyar mahara: dawakin Maraɗi su gangara, na Fulani su hauro, talaka kuwa ya yi shuka bai san wanda zai girbe ba.

Iyaka ta biyu a takarda aka haife ta. Ingila da Faransa sun yi ta ja-in-ja daga 1890 har 1906, sa'an nan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. A nan yankin, layinsu kusan sawun tsohuwar gabar ya bi. Gulbin Maraɗi dai bai san da zancen ba: daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shayar da fadamunmu, ya sake komawa Nijeriya. Haka ma auratayya da cin kasuwa. An rufe iyakar a 1984, da 2019, da 2023, kowane karo sai hanyoyin daji su cika da babura.

Amma abin da ya fi jan baƙo shi ne kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin. Masu ziyara kan zo daga ɓangarorin biyu su yi addu'a da sadaka, ba mai tambayar wani takardar ɗan ƙasa. Mutanen gari suna cewa akan ga haske bisa wasu kaburburan da dare. Wasu malamai na ƙyamar wannan ziyara, musamman a ƴan shekarun nan. Ni dai abin da ya dame ni daban ne. Labarin waɗannan bayin Allah a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO tafkin da gandun dajinsa da kaburburan, cikin jerin wuraren da take fatan a sa a kayan tarihin duniya. Bara da na kai ƴan ajina can, sunan wurin kowa ya iya rubuta shi da Faransanci ba kuskure. Da na ce wa zai ba ni labarin waliyyi ko guda ɗaya, sai suka juya suna kallon masunta.