Karatu Daga Nesa: Daga Jajin Nana Asma'u Zuwa Intanet



Yawancin masu magana a kan koyarwa ta intanet suna yi ne kamar abin jiya ya faɗo daga sama, alhali kuwa matsalar da yake ƙoƙarin warwarewa, wato yadda malami zai karantar da ɗalibin da ba ya gabansa, ta daɗe a ƙasar nan. Abin da nake so in nuna shi ne, duk lokacin da irin wannan karatu ya yi albarka, an tsara darasin ne daidai da halin mai koyo, sa'an nan aka buɗe masa hanyar da tambayarsa za ta koma ga malami.

Mu fara da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Matan ƙauye ba su da halin barin gidajensu su zauna gabanta, don haka sai ta zuba darussa cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, masu sauƙin haddacewa ko ga wadda ba ta iya karatu ba. Ta kuma naɗa jajoji, wato dattijan mata, ta ba kowace malfa alamar izini. Jaji ita ke kai karatun ƙauye, ita ke jagorantar 'yan taru zuwa wurin Nana da tambayoyinsu. Wanda duk ya karanta littattafan Turawa na tsara darasi zai ga cewa abin da suke ba dogon suna, wato yanka darasi ƙanana da sanya mai taimako kusa da ɗalibi, yana nan cikin wannan tsari.

Zamanin Turawa ya kawo gidan waya. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna cikinta ba, kuma akawuna da malaman makaranta na Nijeriya suka riƙa biyan kuɗi ga kwalejojin wasiƙa na Ingila, irin su Wolsey Hall da Rapid Results. Darasi ya zo a ambulan, ɗalibi ya amsa cikin dare a gaban fitilar ƙwai, ya aika, ya jira makonni kafin takardarsa ta dawo da jan biro. Wannan jan biro shi ne malamin. Aibin kawai shi ne ba don mu aka rubuta darussan ba. Misalansu duk na sanyin Ingila ne da kuɗinta.

Nan Zariya aka yi ƙoƙarin gyara wannan aibi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam na edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ga shi nan kusa da mu. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, ƙarƙashin irin su Malam Ahmadu Kumasi, sai hukumar NORLA ta riƙa fitar da 'yan littattafai masu araha cikin Hausar da manomi ke ji, tare da jaridun larduna kamar Bazazzaga da Sodangi da Himma da Zaruma, don kada wanda ya koyi baƙi ya rasa abin karantawa ya mance. A ganina wannan tunani na abin da zai biyo bayan darasi shi ne mafi kyawun abin da suka bar mana. Amma hukumar ba ta wuce 1959 ba, kuma cikin abubuwan da suka kayar da ita har da wuyar kai littattafai hannun masu saye. Littafi mai kyau da ke jibge a sito bai karantar da kowa ba, haka nan darasin da aka ɗora a intanet ga ɗalibin da ba shi da wuta ko kuɗin data.

Sauran tarihin sananne ne. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika ajujuwa da yara ba tare da isassun horarrun malamai ba, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar, don malami ya yi karatu yana bakin aikinsa, ya je cibiya a ƙarshen mako ya sadu da mai duba shi. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, bisa koyi da ta Ingila wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai zamanin Obasanjo na farar hula. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta buɗe cibiyarta ta karatu daga nesa ta intanet.

To, saura batun awo, kuma a nan nake roƙon ma'aikatan gwamnati su saurara, domin rahotannin a teburinku suke sauka. Al'adarmu ce mu ƙirga waɗanda suka yi rajista, saboda lambar tana da girma, tana daɗin faɗi a gaban kwamishina. Sai dai sanannen ciwon karatu daga nesa, a ko'ina cikin duniya, shi ne yawan masu farawa su bari. Don haka abin tambaya shi ne mutum nawa suka kai ƙarshe, a wane mako ne aka fi zubewa, kuma kwana nawa aikin ɗalibi ke yi kafin ya dawo masa da gyara. Idan rabin aji suka ɓace a darasi na huɗu, darasi na huɗun za a tuhuma tukuna.

Shekarar 2020 ta gwada mu. Annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, malaman jami'a kuma suna yajin aikin da ya kai har Disamba. Jihohi da dama, har da Kaduna, sai suka koma ga rediyo da talabijin don karantar da 'yan sakandare, domin akwatin rediyo ya shiga gidajen da kwamfuta ba ta shiga ba. Sai dai rediyo faɗi yake yi ba ya sauraro, yaron da bai gane ba kuwa, a wancan lokacin, ba shi da jajin da zai kai masa tambaya.