Fataucin Goro ta Hanyar Birnin Gwari

Daga cikin hajojin da fataken Hausa suka yi safararsu tun zamanin da, babu wanda ya kai goro wuyar sha'ani, domin kuwa kanwa da tufafi da fatu suna iya shekara a ɗaure ba abin da ya same su, amma shi goro ɗanyen abu ne mai rai, wanda in iska ta buge shi ya yanƙwane, in laima ta yi masa yawa ya ruɓe. Tarihin Kano ya ambaci shigowarsa ƙasar Hausa a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Gwanja. Amma fataucin bai kai ƙololuwarsa ba sai bayan jihadin 1804, sa'ad da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi sana'ar gado.

Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta taso daga Kano ta Zariya da Fatika, ta ratsa dajin ƙasar Birnin Gwari, wato yankin da Dogon Dawa take a yau, ta ƙetare kogin Kwara, ta bi Bargu har kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake kawo goron kurmin Asante. Ta wani ɓangaren wannan hanya Bature Clapperton ya bi a 1826, bayan ya gamu da wani babban ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja. Tafiya da dawowa takan ci wata shida har zuwa shekara.

Asirin sana'ar kuwa yana cikin ɗauri. Akan shimfiɗa ganyen fita mai faɗi, a jera goro bisa ƙidayar ƙwarya, ko wace ƙwarya ɗari, a lulluɓe, a ɗaure huhu tamau, a aza wa jaki. In an sauka zango, bayan 'yan kwanaki, sai a kwance, a zauna a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a tsame wanda sankara ta kama tun bai lalata 'yan'uwansa ba, a yayyafa ruwa gwargwado, a sake ganye in ya bushe. Lalle wannan haƙuri abin jinjina ne, domin da shi ne marsa ke isa kasuwar Kurmi ta Kano tana ƙyalli, har ta shiga kayan aure da na suna.

Saboda haka jinkiri shi ne babban magabcin falke, kuma mafi yawan ƙa'idojin ayari don gudunsa aka kafa su. Madugu shi ke da hukunci, jagaba yana gaba yana neman zango, uban dawaki yana tattara abin da za a biya, malamin ayari yana zaɓen ranar tashi. Ko wane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an ba shi garama, a bakin kogi a biya fito. Madugun da ya iya lafazi yakan gama ciniki cikin yini guda, wanda bai iya ba a tsare shi mako, goro yana ta asara a huhu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji cikin zaluncin da ya soka a Kitabul Farƙi, sai dai yawancin hanyar tana wajen daular da jihadinsa ya kafa, inda hukuncinsa bai kai ba.

Da Turawa suka ci Asante a 1874, Salaga ta soma ja da baya, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Gwamna Lugga kuma ya kafa harajin ayari a 1903, kashi 5 cikin ɗari a ko wane lardi har lardi uku, aka soke shi a 1907. Kafin nan wasu fatake, cikinsu har da Alhassan Ɗantata, sun gane cewa jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi jaki sauri. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Yarabawa kuma suka dasa goro a Agege da Shagamu, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, zangunan dajin Gwari suka mutu.

A yau mota ke ɗauko shi, dokar kuma ta koma ta takarda: mai fitar da ɗanyen kaya waje sai ya sami shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Rum a 1951, Saudiyya kuwa ta hana alhazai shiga da goro. Titin Funtuwa zuwa Birnin Gwari, wanda ya bi ta Dogon Dawa, ya sha fama da 'yan bindiga shekaru da dama, har direbobi da yawa suka gwammace dogon zagaye, wanda ke ƙara kuɗin mai da kwanakin da kaya ke yi a hanya.