Kuɗin Karo-karo da Rikicin Cikin Gida: Masu Littattafan Zane a Amurka

A shekarar 1992 wasu fitattun masu zane su bakwai suka fice daga kamfanin Marvel na Amurka, suka kafa nasu mai suna Image. Kokensu shi ne su ke shan wahalar zana labaran jarumai, amma haƙƙin mallaka da gwaggwaɓar riba na kamfani ne. Kasuwa ta karɓe su hannu bibbiyu, har fitowar farko ta Spawn, na Todd McFarlane, ta sayar da kwafi wajen miliyan 1 da dubu 700. Amma tun ba a je ko'ina ba littattafansu suka riƙa makara da watanni, masu shaguna suna tafka asara, saɓani kuma ya shiga tsakanin abokan. A 1996 Rob Liefeld ya bar kamfanin a daidai lokacin da sauran ke shirin kaɗa ƙuri'ar sallamarsa. Abin lura a nan shi ne akwai zaman da ake yi, akwai ƙuri'a, akwai kuma ƴan kasuwa masu ikon rage oda. Mai zane yana da waɗanda yake jin nauyinsu.

Zuwan shafukan karo-karo ya sauya wannan tsari. An buɗe Indiegogo a 2008, Kickstarter kuma a 2009. Mai zane kan nuna ƴan shafuka, ya yanka farashi da wa'adi, masu karatu su biya tun littafi bai samu ba. Shafin yana cire kashi 5 cikin ɗari, a kuma cire kuɗin hada-hadar biya, sauran ya tafi aljihun mai zane kai tsaye. A 2012 Rich Burlew ya nemi tallafin sake buga The Order of the Stick, ya tashi da sama da dala miliyan 1 da dubu 200. Daga nan kowa ya gane cewa ana iya yin littafi ba tare da madaba'a ta sa hannu ba. Abin da ba a lura da shi sosai ba, madaba'ar da aka tsallake ita ce mai edita mai tuni, da akawu mai lissafi, da ma'aikatan ɗaure kaya da aikawa.

Ba a daɗe ba giɓin ya bayyana. Littafin Sad Pictures for Children ya tara sama da dala dubu 51 a 2012, an buga shi, an kuma aika wa mafi yawan waɗanda suka biya, sannan kuɗin aikawa ya ƙare. A watan Fabrairun 2014 sai ga bidiyo daga wurin mai littafin, ana cinna wa kwafi 127 wuta, martani ga wasiƙun masu tambayar ina nasu. Hukuma takan sa baki jefi-jefi: a wannan shekarar babban lauyan jihar Washinton ya gurfanar da wani kamfani da ya karɓi kuɗin katin wasa bai kawo ba. Amma wanda ya biya dala 25 ba zai ɗauki lauya ba. Makaminsa guda shi ne ya yi ƙorafi a bainar jama'a.

Wannan makami ne ya dakushe a cikin tafiyar da aka fi sani da Comicsgate, wadda ta kunno kai a 2017. Mabiyanta sun ce tawayen masu saye ne ga Marvel da DC, waɗanda a ganinsu suka cusa siyasa cikin labarai. Masu sukarta kuwa sun kira ta gangamin tsangwamar mata da tsiraru, suna kafa hujja da zagin da aka yi wa editar Marvel, Heather Antos, bayan ta saka wani hoto da abokan aikinta a watan Yulin wannan shekara. Ko ma wace fassara mutum ya ɗauka, a 2018 tafiyar ta koma kasuwa. Richard C. Meyer, mai tashar YouTube ta Diversity & Comics, ya tara sama da dala dubu 300 a Indiegogo domin Jawbreakers. Ethan Van Sciver, wanda ya daɗe yana zane a DC, ya haura dala dubu 500 da Cyberfrog.

Kuɗin nan ba na littafi kaɗai ba ne. Da yawa sun biya ne domin nuna ɓangaren da suke, kamar mai yankar katin jam'iyya. A nan matsalar take. Idan ciniki ne tsagwaronsa, mai saye yana da bakin cewa wa'adi ya wuce. Idan kuwa gwagwarmaya ce, mai tambaya ya zama bara-gurbi, mai ba abokan gaba abin faɗa. Ga shi kuma tallar kowane sabon littafi ta dogara ne da shirye-shiryen kai tsaye a YouTube, inda masu manyan tashoshi ke gayyatar ƙanana su tallata hajarsu. Ƙaramin mai zane da ya soki jinkirin babba, ya toshe wa kansa ƙofa ke nan. Su kuma shirye-shiryen suna kawo kuɗi daga ƴan kallo, kuma sanin kowa ne cacar baki ta fi shafin zane tara jama'a. Daren da aka raba ana tonon silili yana iya fin wunin da aka yi bisa teburin zane kawo riba nan take.

Saboda haka bin bahasi bai ɓace ba, sai dai ya rikiɗe ya zama makamin ɓangaranci. Ba a cika tuna cewa littafin wane ya makara ba sai ranar da aka ɓata da shi. Cyberfrog kansa sai a 2019 ya isa hannun masu shi, watanni da dama bayan wa'adi, magoya baya suka ce kyawun aikin ya biya jiran. Na Mitch Breitweiser ya fi ɗaukar zafi: ya karɓi kuɗin Red Rooster a 2018, sai ga shi a 2020 kamfaninsa na Allegiance Arts ya baza labarin a kantunan Walmart, alhali waɗanda suka biya tun farko suna nan suna jiran littafin da aka yi musu alkawari. Fushinsu yana da hujja, amma babu wani zaure da za su kai ƙara, domin tafiyar ba ta da shugabanci ko kundin ƙa'ida. Tana ma alfahari da rashinsu.

Hatta sunan bai tsira ba. A watan Satumban 2018 marubuci Vox Day ya sanar da kafa sashen ɗab'i mai suna ComicsGate Comics. Van Sciver da wasu suka yi masa ca, suna cewa ba shi da hurumin ɗaukar sunan. Tafiyar da ke cewa ba ta da mai ita ta wayi gari tana jayayya a kan wanda ya mallake ta.

Rikicin da ya fi shahara a kotu kuwa da na waje aka yi shi. A watan Mayun 2018 madaba'ar Antarctic Press ta janye daga buga Jawbreakers bayan wasu shaguna sun ce ba za su sayar da shi ba. Meyer ya zargi marubuci Mark Waid da matsa wa madaba'ar lamba ta wayar tarho, ya maka shi a kotu a watan Satumba. Waid ya musanta, shi ma ya nemi karo-karon masoyansa domin biyan lauya. An shafe sama da shekara biyu ana kai-komo, yawancinsa a kan ko kotun Texas tana da hurumin sauraron ƙarar, kafin Meyer ya janye ta a watan Disambar 2020 ba tare da alƙali ya yanke hukunci a kan ainihin zargin ba.