Yadda Aka Shawo Kan Ƙyallin Rana a Idon Kyamara

Duk wanda ya ɗauki hoto da tsohuwar kyamara yana fuskantar rana ya san abin da ke biyo baya: hoton ya dusashe kamar an ɗauke shi cikin hazo, baƙi ya koma toka-toka, ga ɗigon haske sun jeru a tsakiya. Wannan ba lalacewa ba ce. Matsala ce da ta sha kan maƙeran kyamara shekaru da dama.

Idon kyamara gilasai ne a jere. Duk inda haske ya ratsa fuskar gilashi, kusan kashi 4 cikin ɗari yakan dawo baya, ya yi ta kai-komo a ciki har ya faɗa kan fim inda ba a buƙatarsa. Yawan gilasai, yawan ƙyalli. Shi ya sa idon kyamara mai suna Planar da Paul Rudolph ya ƙera wa kamfanin Zeiss na Jamus a 1896, mai fuska takwas, bai yi kasuwa ba, sai Tessar ɗinsa na 1902 mai fuska shida ya mamaye duniya.

Mafita ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 1886 masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila ya lura cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta dafe ya fi sabo barin haske ya wuce. Harold Dennis Taylor, maƙerin idon kyamara mai suna Cooke, ya bi diddigin abin, har ya yi rajistar dabarar dafar da gilashi da sinadari a 1904, amma sakamakon bai cika zuwa daidai ba.

Sai a 1935 Alexander Smakula, ɗan Yukren da ke aiki a Zeiss, ya gano hanyar yi wa gilashi shafi siriri ƙwarai a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Hasken da ya dawo daga saman shafin da wanda ya dawo daga ƙasansa sukan kashe juna. Jamus ta ɓoye dabarar a matsayin sirrin soja, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yaɗu, kuma a nan ne ƙirar Planar ta sami ranarta. A 1971 Pentax ta Japan ta fito da shafi hawa bakwai.

Saboda haka, idan tsohon gilashi ya shigo hannunka, ka karkata shi ga haske. In ka ga shuɗi-shuɗi ko ruwan goro, yana da shafi. In hasken da ya dawo fari ne tas, ba shi da shi. Ka sa masa hular tare rana, ko ka yi masa inuwa da tafin hannu, ka kauce kaɗan daga saitin rana. Kada ka goge shi da ƙarfi, domin shafin zamanin farko yana da laushi, kuma in ya kankare ba ya dawowa.